Mai Ɗanɗana wa Auta Magani

Daga Pantami har bakin tashar jirgin ƙasa, ba a taɓa haifar mai ƙarfin ciki irina a Gombe ba. Wannan ba cika baki ba ne, akwai shaidu, wasunsu ma suna nan da ransu. Na ci ɗanwaken da ya wuni a aljihun direba, na suɗe ledar. Na ci tsire a gefen mahauta ana wanke tumbi, ƙudaje na jiran in ƙoshi su samu wuri. Abokaina in an kawo abincin da ake shakka, ni ake turo wa, in na kai la'asar a tsaye sai kowa ya sa hannu. Da ana ba da lambar girma a kan rashin ƙyama, da tuni hotona yana rataye a ofishin D.O.

Yarinya ce ta karya ni, autar gidanmu, wadda ko shekara goma sha uku ba ta cika ba, siririya kamar sillen kara. Auta muke ce mata. Fuka gare ta, ciwon nan da yanzu ake kira asma.

Mu da muka taso a Kumbiya-Kumbiya mun san fuka, amma ciwon tsofaffi muka san ta. Kowace unguwa tana da tsohonta mai fuka, yana zaune a zaure yana busa sarewa da ƙirji, kuma shi zai binne duk sa'o'insa. Ba wanda ke tsoron ta. Sai shekarun nan da kuɗin mai suka shigo, gwamnati ta yi ƙarin albashi, har masinja ya sayi rediyo mai batir shida. Ni ma, ƙaramin akawu a kamfanin auduga, na sayi babur. Gari ya cika da manyan motoci. Injin gurza yana aiki, farin gashin auduga yana rataye a wayoyin lantarki kamar gemun tsofaffi. Duk wanda ya samu ya toshe tagar ɗakinsa da gilashi, ya shimfiɗa kafet, ya sayi katifar soso, da magariba kuma ya feshe ɗakin da filit ya rufe 'ya'yansa a ciki. Ni ba likita ba ne, ba zan ce ga abin da ya jawo ba. Abin da idona ya gani shi ne fuka ta tashi daga zaure ta shiga ɗakin yara.

Ɗan telan bakin layinmu, saurayi mai buga ƙwallo kamar an ɗaura masa ita a ƙafa, aka same shi a shago da hantsi ya kife a kan keken ɗinki. Bayansa wata ɗaliba da ta zo hutu daga makarantar horon malamai. Bayanta wani makanike da bai daɗe da aure ba. Muna dawowa daga maƙabarta kowa sai mamaki yake, don ba mu saba jin fuka ta yi kisa ba, balle ta zaɓi masu jini a jika. Duk ranar da aka yi irin wannan rashi, Inna ba ta cin abinci. Sai ta zauna kusa da Auta tana tsintar shinkafar da ta riga ta tsince, kunnenta na kan ƙirjin yarinyar.

A nan Goggo ta karɓi ragama. Yayar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama, kuma ko Baba in ta yi magana "to" kawai yake cewa. Goggo ta san duk wani mai magani daga Gombe har ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Sai dai Baba yana da doka tun zamanin kakanmu: duk wanda ya kawo wa mara lafiya magani, shi zai fara kurɓa a gabansa. Goggo ta ce ita cikinta ya tsufa. Ta waiwaya ta gan ni ina suɗe kwanon tuwo.

"Ga sarkin ci nan. Ai shi ke ɗauko maganin a babur, shi ya kawo ke nan."

Auta ta ce, "Ƙwarai kuwa. Hamma ya fara sha."

Hamma, haka ƙannena ke kirana. Na yi dariya, na buga ƙirji, na ce a kawo ko da ruwan batir ne.

Na farko huhun raƙumi ne. An busar da shi, an daka, Goggo ta kwaɓa da ɗanyen ƙwai da man shanun da ya fara tsufa. Tun daga ƙofar gida warin ya tarbe ni, wari irin na takalmin soja da ya kwana cikin ruwa. Akuyarmu, wadda ta taɓa cinye mini hula, ta sunsuna ƙwaryar ta juya ta yi tafiyarta. Na ɗaga na kurɓa. Abin ya tsaya mini a maƙogwaro, ya ƙi gaba ya ƙi baya, yana da yauƙi a sama da tsakuwa-tsakuwa a ƙasa. Ga Auta ta kafe ni da ido, in na ko yamutsa fuska ba za ta sha ba.

"Hamma, yaya yake?"

"Kamar shayi da madara."

"To ƙara, ban gani da kyau ba."

Na ƙara. Ta kurɓi kamar cokali ɗaya, ta ce ta ƙoshi. Ni kuwa na fita da murmushina, na zaga bayan gida, na durƙusa a bakin kwatami na mayar da huhun raƙumi da tuwon jiya da wani abin da nake zaton tun yaye yake cikina.

Kwatamin nan rami ne a bayan katangarmu, inda rariya ke zubar da ruwan wanka da na wanke-wanke da duk abin da mutum ba ya son sake gani. Ni da shi muka zama aminai. Romon bushiya can ya ƙare. Kitsen mesa, wanda Goggo ta narkar a cokali ta ce a haɗiye da ɗumi, shi ma can, kuma har sati guda in na yi gyatsa sai in ji kamar na lashi fitilar kananzir. Akwai wani jiƙo da aka binne tulunsa a ƙasa har ya yi kumfa, da aka buɗe kaji suka bar tsakar gida. Mutumin da ake turo wa abinci a tasha ya koma in ya ji Goggo na daka a turmi sai yawu ya cika masa baki. Na rame. Auta kuwa ƙirjinta yana nan yana kukansa, musamman in hadari ya haɗo.

Wanda ya ɗan yi aiki guda ne, ganyen zaƙami da ake naɗewa kamar taba a zuƙa. Na zuƙa sau biyu, katangar gidanmu ta sunkuyo ta gaishe ni, na amsa mata har da tambayar iyali. Auta ta zuƙa, ƙirjinta ya saki, amma ta wuni tana hira da wata tsohuwa da ba kowa ke gani ba. Inna, wadda ba ta taɓa musa wa Goggo ba, ta kwashe ganyen ta zuba a murhu ba ta ce wa kowa komai ba.

Ranar da Baba ya gaji, ya sa na kai Auta da Inna asibiti. Likita ya saurari ƙirjin, ya rubuta ƙwayoyi, ya kuma rubuta wani ɗan abu da ba mu taɓa riƙewa ba: 'yar gwangwani kamar babban yatsa, cikin gidan roba mai baki. Ya ce in numfashi ya sarƙe, ta sa a baki ta danna ta zuƙa, in bai saki ba a kawo ta da gudu. A asibitin ma babu, sai a kemis muka samo. 'Yar fesa ake ce mata a gari.

Goggo na ganin ta ta ja da baya kamar an ajiye mata kunama.

"Wannan ce aka samu a hannun ɗan tela. Ita aka samu a ƙarƙashin matashin 'yar makarantar nan. Makaniken ma da ita a aljihunsa aka wanke shi. Da can da ba a kawo ta ba, wa fuka ta kashe? Ku faɗa mini mutum ɗaya."

Kuma ba Goggo kaɗai ba, rabin matan unguwa a kan haka suke: wanda ya fara 'yar fesa, ya kama hanya. Goggo ba ƙarya ta yi ba, an same ta a hannunsu. Amma me kuma za a samu a hannun wanda numfashi ya sarƙe wa? Daga baya na ji ana cewa wasu samarin sukan dogara da ita, su yi ta dannawa a ɗaki har lokacin asibiti ya wuce. Wannan duk daga baya ne. A ranar, Baba ya tsaya tsakanin yayarsa da takardar likita, ya rasa inda zai sa kansa, sai ya koma ga dokarsa.

"A ɗanɗana."

Na karɓa da murna, don karo na farko ke nan da aka miƙo mini maganin da ba shi da wari. Na danna. Ɗan sanyi kawai na ji. Mutumin da ya sha kitsen mesa, wannan ai wasa ne. Na ce ƙila bai fito ba, na sake dannawa, na sake, na yi ta yi kamar mai ba tayar keke iska. Can Inna ta miƙo mini kofin ruwa. Kofin ya fara rawa a hannuna, ruwa na zuba a riga, zuciyata na buga kamar injin niƙa.

Goggo ta tafa hannu. "To! Ga ƙato nan, mai cin kwano uku, ta sa shi kakkarwa. Ita wannan 'yar tsakin fa?"

Na ce ni na danna da yawa, ba ta saurare ni ba. Baba ya ce a ajiye a saman kwabar Inna, kada a taɓa sai in ta ɓaci. A haka aka tashi.

Wata Lahadi ce da damina, bayan azahar. An yi ruwa da safe, rana ta fito, ƙasa na tururi. Maƙwabta na shirin suna, suna soya attaruhu, hayaƙin ya tsallako katanga har mu masu lafiya muna tari. Ina goge babur a zaure na ji Inna ta ƙwala kira. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, "kai wannan" take ce mini, amma ranar sunana ta kira ƙarara, karo na farko da na ji shi a bakinta. Na shiga da gudu.

Auta na zaune a bakin gado ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta na hawa da sauka, ramin wuyanta na lotsawa. Abin da ya fi ba ni tsoro, sarewar nan da muka saba ji ta yi ƙasa, kamar iskar ma ba ta samun hanyar da za ta yi kuka. Leɓɓanta sun yi toka-toka. Inna ta zubar da duk abin da ke saman kwaba, tasoshi na ta gangarawa, babu 'yar fesa.

Baba ya fita ba takalmi, neman maƙwabcinmu mai akori-kura, don Auta ba za ta iya zama a babur ba. Na ce bari in tafi kemis. Inna ta ce yau Lahadi. Masu kemis ɗin da ke sayar da ita duk suna rufewa ran Lahadi, kowa ya sani.

Na juya ga Goggo. Tana tsaye a bakin ƙofa, tana murza bakin zaninta.

"Goggo, ina take?"

Ta kawar da kai.

"Goggo, don girman Allah."

"Na jefa ta bayan katanga," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Tun ran nan. Don kada ta kashe mana yarinya."

Bayan katanga, wuri ɗaya ne.

Damina ta cika kwatamin har baki. Samansa kore ne shar, da wata fata mai ƙyalli wadda in iska ta taɓa ta sai ta yi tattara. Agwagin unguwa, waɗanda ba abin da ba sa shiga, suna tsaye a gefe suna kallo. Na fara da kara. Karan ya taɓo wani abu mai laushi, abin ya juyo, ashe ɓera ne ya kumbura har ya kai girman kyanwa. Ya fashe. Ban san mutum yana iya amai yana kuma aiki a lokaci guda ba sai ranar.

Kara ba zai nemo abu kamar babban yatsa ba. Na tuɓe riga na shiga. Na zaci sanyi zan ji, sai na ji ɗumi, kuma ɗumin nan ya fi komai tayar mini da zuciya, kamar na shiga cikin cikin wata dabba. Ruwan ya kawo mini ƙugu, laka ta riƙe ƙafa. Dole in sunkuya in lalubi ƙasa, haɓata na taɓa koren. Tsutsotsi masu dogon wutsiya na bin hannuna. Na ciro dunƙulen gashin kitso. Na ciro tsohon soso, da takalmin roba wari ɗaya, da cokalin da aka taɓa dukan ƙanena a kan ɓatansa. Wani abu ya naɗe mini yatsu, har yau ban san ko mene ne ba, kuma ba na son in sani. Na tabbata rabin abin da ke ramin nan ni na zuba shi da bakina cikin watannin da suka wuce, ga shi yau na dawo ziyara.

Ta cikin rariya ina jin muryar Inna tana salati, tana cewa, "Ja, 'yar nan, ja a hankali." Muryar Auta ce ba na ji. Duk sanda na ɗago don in yi kakari, sai shirun nan ya sake danna kaina ƙasa.

Yaran layi sun taru a nesa, sun toshe hanci. Wani dattijo da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Subhanallahi, ɗan gidan wane, abin ya kai haka?" Ya zaci taɓuwa ce. Ban ko ɗago ba.

A can lungu, kusa da bakin rariya, yatsana ya ci karo da ɗan abu mai tauri, mai lanƙwasa. Na damƙe. Na fito ina zamewa, na ruga randar ƙofar gida na yi ta kwara mata ruwa, na cire gwangwanin na wanke robar ciki da waje, na danna a iska. Ta fesa. Wallahi ko ranar da na sayi babur ban yi irin wannan murna ba.

Na faɗa cikin gida ina ihu na samo. Ba kowa sai Goggo, zaune a ƙasa a tsakar gida, ba ɗankwali. Ta ce mota ta zo tun ɗazu, sun tafi asibiti. Ta ɗago ta dube ni, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta rufe da hannu. Ko kuka ne ko wari ne, ban tsaya tambaya ba.

Na hau babur yadda nake, ba riga, wando na ɗiga. Ban taɓa samun hanya a buɗe kamar ranar ba. Masu keke na kaucewa tun kafin in yi hon. Wata mai tallan gyaɗa ta rufe farantinta da mayafi. Ƙudajen Kumbiya-Kumbiya kaf suka raka ni, a hanya na Tudun Wada suka karɓe su. Ni kuwa ba abin da ke kaina sai ɗan tela kife a kan keken ɗinki, ina ta roƙon Allah kada in tarar an ja mata zani har ka.

Mai gadin asibiti ya taso zai tare ni, ya matso, ya fasa. Na bi baranda ina leƙa ɗakuna, ina barin sawu a siminti. A ɗaki na ƙarshe na hango Baba tsaye, ƙafarsa duk taɓo, Inna na zaune a bakin gado. Auta na jingine da matasai, an ɗaura mata auduga a gwiwar hannu inda aka yi allura. Kafaɗunta sun sauka. Sarewar ta dawo, da ƙarfinta, kuma ban taɓa jin kiɗan da ya kai ta daɗi ba.

Na dafa ƙarfen gado, na ɗaga 'yar fesa sama yadda kowa zai gani. Wata nas ta zo ta karɓe ta da yatsu biyu, ta riƙe ta nesa da jikinta, ta tambayi inda na samo. Na fara bayani. Na faɗi zurfin ramin, na ɗan ƙara masa, na kawo zancen ɓera. Mara lafiyan gadon kusa ya ja bargo ya rufe kansa. Baba ya koma bakin taga. Inna na hawaye, amma da gefen mayafi a hanci.

Na matsa kusa da Auta, na sunkuya, ina jiran abin da ƙanwa ke faɗa wa yayan da ya shiga kwatami dominta. Ta buɗe ido. Ta ɗaga hannu a hankali, na miƙa nawa. Sai ta ja iska, ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce:

"Hamma, don Allah matsa can. Da ƙyar na samo numfashin nan, kada ka sa in yi da-na-sani."